Ƙurajen sirdin keke

'Yan uwa masu tuƙa keke daga Jos zuwa Riyom ko Pankshin, gumi da gogayya ne ke kawo ƙurajen matse-matsi. Ni dai na fi zargin sirdin da ya yi tsawo: in ƙugunka na rangaji kana tuƙi, sauke shi kaɗan. Wandon keke mai soso ba a sa masa kamfai, ɗinkin kamfan ke cin fata. Shafa basilin kafin fita, da ka dawo kuma ka tuɓe ka wanke da sabulu.

In ƙurji ya fito, don Allah kada ka matse. Gasa shi da ruwan ɗumi, ka huta kwana 2 ko 3. Ya tara mugunya ko zazzaɓi ya biyo, sai asibiti.