Abin da za ka yi idan aka zarge ka da keta haƙƙin mallaka a intanet

Idan takarda ta iso maka daga kamfanin da ke ba ka intanet, ko daga lauyan masu fim ko waƙa, ana zarginka da yaɗa aikinsu ba da izini ba, fara karanta ta a natse domin ka gane wace iri ce. Takardar gargaɗi daban take da ta neman a biya kuɗi a sasanta, sammacin kotu kuma shi ne wanda ba a wasa da wa'adinsa. A kotunan tarayya na Amurka kwana 21 ake ba wanda aka kai ƙara ya amsa, in ya yi shiru ana iya yanke hukunci a bayan idonsa.

Yawancin zarge-zargen nan daga BitTorrent, manhajar musayar fayiloli tsakanin masu amfani da intanet, suke tasowa, saboda manhajar tana tura wa wasu gutsattsarin fayil a daidai lokacin da kake sauke shi, kuma duk mai sauke fayil ɗin tare da kai yana ganin adireshin IP ɗinka. To amma wannan adireshi layin intanet kawai yake nunawa, wanda iyali, baƙi ko maƙwabta ke iya amfani da shi, kuma mai ƙara ne ke da nauyin tabbatar da wanda ya aikata. Saboda haka rubuta sunayen masu shiga layinka a ranar da aka ambata. Kada ka goge komai daga kwamfutarka, domin alƙali na iya ɗaukar hakan a matsayin ɓatar da shaida. Kada kuma ka kira lambar da ke jikin takardar don ba da haƙuri kafin ka ga lauya, duk abin da ka furta yana iya zama hujja a kanka.

Lamarin ba na rainawa ba ne: dokar Amurka ta tanadi diyyar dala 750 zuwa 30,000 kan kowane aiki, har zuwa 150,000 idan da gangan ne.

Idan kuwa abin da ka ɗora ne aka cire daga YouTube ko makamancinsa bisa ƙorafin wani, alhali naka ne ko kana da izini, dokar haƙƙin mallaka ta Amurka mai suna DMCA, ta 1998, ta ba ka damar aika wa dandalin martani. Dandalin zai mayar da shi cikin kwanakin aiki 10 zuwa 14, sai fa idan mai ƙorafin ya shigar da ƙara. A kan rantsuwa ake rubuta martanin, kuma za a miƙa wa mai ƙorafin sunanka da adireshinka, don haka tabbatar da hujjarka tana hannu kafin ka aika.