Yadda za ku riƙe ƙungiyar waƙa ta daɗe ko da mutane na shiga suna fita

Mu nan Bauchi ba baƙin kiɗan kantiri ba ne, duk wanda ya saba shiga motar haya zuwa Gombe ya taɓa haɗuwa da dattijon direba da zai sa Don Williams tun daga tasha har a wuce Alkaleri bai canza ba. Amma waɗanda muka fi sani, shi da Kenny Rogers da Dolly Parton, kowa da sunansa yake waƙa. Akwai kuma ƙungiyoyi, kuma a cikinsu akwai wata da ake kira Oak Ridge Boys wadda asalinta tun 1943 ne, waɗanda suka kafa ta babu ko ɗaya a ciki yanzu amma sunan bai mutu ba. Mu kuwa samari huɗu za su haɗu a wani situdiyo a Wunti ko Gwallameji, waƙa biyu ta karɓu, a kira su biki uku, kafin shekara ta zagayo kowa ya buɗe shafinsa yana yi wa ɗan uwansa habaici. To ga abin da nake ganin ya kamata ku yi in kuna son taku ta wuce haka.

Ku fara da maganar suna tun kafin kuɗi ya shigo. Wani mai suna Wally Fowler ne ya kafa waccan ƙungiyar a Knoxville ta jihar Tennessee, lokacin sunanta Georgia Clodhoppers, ana ɗaukarsu su je su yi wa ma'aikata waƙa a Oak Ridge, garin da Amurka take aikin sirri na bam ɗin nukiliya lokacin yaƙin duniya na biyu, daga nan suka koma Oak Ridge Quartet. A 1957 Fowler ya bar wa Smitty Gatlin sunan a madadin bashin da Gatlin yake binsa, ka ji fa, suna ya biya bashi. A 1961 aka mai da shi Oak Ridge Boys, shi kansa Gatlin ya tafi a 1966, sunan ya zauna. Don haka kar ku sa wa ƙungiya sunan mutum ɗaya in dai ba kun yarda shi ne ubangida ku 'yan amshi ne ba, wanda shi ma tsari ne mai kyau kuma shi makaɗanmu na gargajiya suka daɗe a kai, amma a faɗa a fili. Ku je ku yi rajistar sunan a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku rubuta a takarda wa da wa suka mallake shi, kuma in mutum ya fita ba zai tafi da shi ba. Abin da ya fi kawo rigima yanzu ma ba takardar ba ce, shafin YouTube ne da TikTok da Audiomack da layin wayar da masu biki suke kira. In duk a wayar mutum ɗaya suke to ƙungiyar tasa ce ko kun so ko kun ƙi. Ku sayi layi na ƙungiya, ku buɗe imel na ƙungiya, aƙalla mutum biyu su san lambobin sirri.

Sai maganar murya, kuma nan ne na fi son ku tsaya ku duba da kyau. Su Oak Ridge Boys kujeru huɗu gare su ba mutane huɗu ba: mai jan waƙa, mai siririyar murya ta sama, mai matsakaiciya, da mai kaurin murya ta can ƙasa. William Lee Golden ya hau kujerar matsakaiciya a 1965, Duane Allen ya karɓi jan waƙa a 1966, Richard Sterban mai kaurin murya ya zo a 1972 bayan ya yi amshi a bayan Elvis Presley, Joe Bonsall ya zo da ta sama a 1973. Kafin su mutane da yawa sun zauna a kujerun nan sun tashi. Kamar Wikki Tourists ne, in gola ya tafi gola ake nemowa, ba a cewa ai ga ƙanina ya iya buga gaba a sa shi a raga. Ku zauna ku rubuta kujerun taku, wa ke ja, wa ke amshi na sama, wa ke na ƙasa, wa ke fiyano, wa ke kalangu ko ganga in kuna haɗawa da na gida. Ranar da wani ya tafi, wanda za ku ɗauko ku sa shi ya rera tsofaffin waƙoƙinku tukuna, uku ko huɗu waɗanda mutane suka haddace, ku ɗauka a waya ku saurara ba tare da kallon fuskarsa ba. In sautin ya zauna a inda na da yake, shi kenan. In bai zauna ba, ko da ya fi wanda ya tafi iya waƙa, mata a wurin kamu za su ce wannan ba su ba ne, kuma sun yi gaskiya. Zumunci da 'yan unguwanci ba sa gyara murya.

Bayan haka ku raba tsakanin mai hannun jari da ɗan albashi, ku faɗa wa kowa matsayinsa ranar da ya shigo. Ƙungiyar Alabama ita ce misali a nan, 'yan uwa uku ne daga Fort Payne, Randy Owen da Teddy Gentry da Jeff Cook, sai mai ganga Mark Herndon da ya shigo a 1979. Hotonsa na kan faifansu, tare aka karrama su a 2005, duk duniya ta ɗauka su huɗu ne, amma a wurin su ukun shi ma'aikaci ne ake biya, kuma a 2008 maganar kuɗi ta kai su kotu. Irin wannan ai kullum muna gani, yaron da ke danna fiyano yana cikin kowane bidiyo, ya ɗauka da shi za a raba liƙi daidai, sai a miƙa masa dubu biyar a ce na mota. Ba laifi ba ne a ɗauki mutum aiki, laifin shi ne a bar shi yana zaton abin da ba shi ba. Ku yanke kason kowa a kuɗin wasa, a liƙi, a abin da ke shigowa ta intanet, ku sa hannu gaban wani babba da kowa ke jin nauyinsa, in da hali lauya ya duba. Kuma a ƙirga liƙi a gaban kowa a daren, kar a ce sai gobe.

In ta kama a sallami wani, a yi amma kar a zubar da mutunci. A 1987 sauran ukun na Oak Ridge Boys suka cire Golden, mutumin da ya fi su daɗewa, lokacin ya tara gemu har ƙirji da doguwar suma yana rayuwa irin ta mutanen daji, abin ya zo ba sa jituwa. Ba su je nesa neman madadi ba, Steve Sanders da ke kaɗa musu jita a baya shi aka matso da shi gaba, ya riƙe kujerar har ƙarshen 1995. Da ya tafi wa suka kira? Golden ɗin dai, ya dawo kujerarsa, kuma da shi aka shigar da su Grand Ole Opry, babban dandalin mawaƙan kantiri, a 2011 da zauren karrama manyan kantiri a 2015. Abu biyu za ku ɗauka. Ku riƙa koya wa yaran da ke bayanku waƙoƙin, mai riƙe muku jaka da mai haɗa sifika su san amshi, saboda wata rana a cikinsu za ku ɗauka. Sannan ranar rabuwa kowa ya ajiye waya, ba bidiyon tonon silili, ba waƙar zambo, don wanda ka kira ɓarawo a Facebook ko kun shirya daga baya mutane sun riga sun ajiye hoton rubutun.

Canza salo kuma sai da juriya. Su Oak Ridge Boys da waƙoƙin coci suka fara, shekara talatin a kai, da suka fara karkata zuwa kantiri a tsakiyar shekarun 1970 tsofaffin masoya suka ja baya sababbi ba su iso ba, suka shiga matsi sosai har sai da babban mawaƙin kantiri Johnny Cash ya tallafa musu da aiki da kuɗi. Sai 1977 ƙofa ta buɗe, 1981 kuma waƙarsu Elvira ta game ko'ina ta kawo musu lambar yabo ta Grammy. In ku ma za ku tashi daga waƙar biki zuwa ta soyayya ko wani abu daban, ku tabbata duk kun yarda, kuma akwai abin da za a ci kafin ta karɓu. Ku ware wani kaso daga kowane wasa a asusun ƙungiya, banki ba aljihun shugaba ba, ko don watan azumi da ba biki. Lokacin siyasa kuwa ku yi hattara, ya fi komai kawo kuɗi ya kuma fi komai raba ƙungiya, wannan ɗan takara ya kira mai ja, abokin hamayyarsa ya kira mai amshi. Ku yanke tun da wuri, ko ƙungiya ba ta waƙar siyasa da sunanta kowa ya yi da nasa, ko kuma ana yi da yardar kowa.

Akwai wadda ba a son faɗa, ciwo da mutuwa. Joe Bonsall ya yi shekara hamsin a kujerarsa, ciwon jijiyoyi ya hana shi tafiye-tafiye, ya sanar da ajiye yawon wasa a farkon 2024, wani matashi Ben James da bai kai talatin ba ya karɓa, a watan Yulin shekarar Bonsall ya mutu. A takardarku ku sa abin da zai faru in ɗaya ya kwanta ciwo, wata nawa za a ci gaba da ba shi kasonsa, sannan tsofaffin waƙoƙin da muryarsa ke ciki in suna kawo kuɗi a intanet nasa kason na nan ko ya bar ƙungiya, in ya rasu a miƙa wa magada a raba yadda shari'a ta ce. Ku rubuta sunan wanda zai riƙa kai musu da kuma duk wata nawa.