Idan hitar banɗaki ta daina zafi kamar da

Jama'a, sanyi ya shigo, ana ta kukan hitar bango ba ta dumama ruwa sosai. Kafin ku ce ta mutu, ku fara duba ƙarfin wuta. Don wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240 aka yi ta. Idan ta unguwa ta faɗo 180, zafin da za ta bayar kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai.

In wuta lafiya lau, ku zargi ruwan burtsatse. Farin ɓawo yake tarawa a jikin ƙarfen da ke dumama ruwan, irin wanda ake gani a gindin butar shayi, sai ta riƙa daɗewa tana ƙara ƙas-ƙas. A kashe wutar daga babban makunni, a rufe famfo, a tsiyaye tankin, a kwance ƙarfen a jiƙa shi cikin ruwan khal na 'yan awoyi, sannan a goge da tsohon burushi. Ban da kankarewa da wuƙa.

Maɓallin zafi a bar shi kan digiri 60. Kuma don Allah kada a kunna sai tankin ya cika, in ba haka ba ƙarfen zai ƙone nan take. Idan famfon ya fara jan mutum, a kashe a kira mai gyaran wuta.