Yadda ake raba sakamakon rumbun bayanai shafi-shafi idan teburi ya yi girma

Kusan kowa da LIMIT 20 OFFSET 40 yake farawa, wato umarnin SQL (harshen tambayar rumbun bayanai) mai cewa a wuce layuka 40 a kawo 20 na gaba, kuma ba laifi muddin teburin ƙarami ne. Sai an yi nisa matsalar ke fitowa. In ka rubuta OFFSET 100000, rumbun bayanan ba ya tsallake layukan nan. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya zubar, sannan ya miƙo maka 20 ɗinka. Shi ya sa shafin farko ke buɗewa nan take, na 5000 kuwa ya yi ta jan ƙafa. Ga kuma wata: in aka shigar da sabon layi mutum na kan shafi na 2, komai ya gusa, layin da ya riga ya gani ya sake fitowa a shafi na 3.

Maganin shi ne a daina ƙirga layuka, a riƙe inda aka tsaya. Jera da lokaci (sa'ad da aka shigar da layin) da id (lambar shaidar layin) tare, domin layuka biyu kan zo da lokaci ɗaya, id kuwa ba ya maimaituwa. Yi fihirisa (index, mai saurinta nemo layi) guda mai haɗa su biyun, lokaci a gaba. Shafin farko:

ORDER BY lokaci DESC, id DESC LIMIT 21

A shafi na gaba sai ka ƙara WHERE (lokaci, id) < (?, ?), ka cike gurbin da ƙimar layin ƙarshe da ka nuna. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL na karɓar wannan rubutu. SQL Server ba ya karɓa, sai ka warware masa: lokaci < ? OR (lokaci = ? AND id < ?).

Me ya sa 21? Ka nuna 20, na 21 ɗin shaida ce kawai cewa akwai saura. Hakan ya raba ka da COUNT(*), mai ƙirga duka layukan, wanda kan yi nauyi a babban teburi.

Kula da lokacin nan sosai. PostgreSQL na ajiye lamba shida bayan daƙiƙa, Date, ma'ajin lokaci na harshen JavaScript, uku kawai yake riƙewa. In ƙimar ta bi ta cikin Date za a gutsure ta, wasu layuka su ɓace ba tare da wani saƙon kuskure ba. Aika ta a matsayin rubutu yadda take.

Abin da za ka rasa shi ne tsalle kai tsaye zuwa shafi na 37. Sai gaba da baya. In manhajar na buƙatar lambobin shafi, zauna da OFFSET amma ka iyakance zurfinsa. Ko wacce ka bi, sabar ce za ta yanke yawan layuka a shafi, misali kada ya wuce 100, sannan ka duba da EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda rumbun zai gudanar da tambayar, cewa fihirisar na aiki.