Ruwa da gishirin da ya kamata ka haɗa wa tankin murjani

Duk wanda ya turo min hoton tankinsa na gilashi ya cika da gansakuka yana tambayar wane magani zai saya, abin da nake fara tambayarsa shi ne wane ruwa ka zuba, kuma yawanci amsar ita ce ruwan famfo ko na bohol ko fiya wata. To a nan matsalar take. Murjani fa ba dutse ba ne, dabba ce mai rai, kuma a inda take rayuwa a teku ruwan kusan ba ya canzawa, gishirinsa da ɗuminsa ba sa sauyawa farat ɗaya, shi ya sa abin da kifin tarwaɗa ko karfasa zai jure ko a jikinsa, murjani kwana biyu ya ishe shi ya rufe ya fara fari. Ni kaina tankina na farko da ruwan tanka na cika shi, kafin sati uku gilashi da yashi duk sun yi ruwan ƙasa, katantanwa huɗu suka mutu a rana ɗaya, abin ya yi min ciwo sosai don ni na jawo musu.

Ruwan famfo akwai kilorin a ciki, wannan mai sauƙi ne ana iya cire shi, amma abin da ido ba ya gani shi ne fosfet da naitiret da silika, su ne takin gansakuka, sai kuma jan ƙarfe da ke fitowa daga wasu bututun, shi kuwa guba ne kai tsaye ga murjani da jatan lande da katantanwa ko da ɗan ƙanƙani ne. Ruwan bohol mutane na ganin ai daga ƙarƙashin ƙasa yake, tas yake, to mai kyau ne ga sha wataƙila amma ya kwaso duk ma'adinan da ya ratsa, wani akwai ƙarfe har za ka ga yana rina bokiti ja, wani kuma idan unguwa ce mai shadda kusa da rijiya ko gonakin da ake zuba taki naitiret ɗinsa sama yake. Ruwan sama da aka tara daga kwanon rufi ya wanko tutiya da ƙura da kashin tsuntsu. Ruwan da ke ɗiga daga AC ya bi ta kan ƙarfen cikin injin, kar ka kusance shi. Ruwan leda da na gora kuma don sha aka yi su, wasu ma da gangan ake barin ma'adinai a ciki don ɗanɗano, kuma na yau ba lallai ya zama irin na gobe ba.

Abin da masu wannan harka suka tsaya a kai ko'ina a duniya shi ne ruwan RO/DI, wato ka sayi ƙaramin injin tacewa mai matakai huɗu. Na farko yana tare laka da tsatsa, na biyu gawayi ne yana cire kilorin, kuma shi ne mai gadin na uku don kilorin na cinye fatar RO, na uku ita ce fatar RO ɗin da ke cire wajen kashi 95 zuwa 99 cikin 100 na abin da ya narke a ruwa, na huɗu kuma wasu ƙananan ƙwayoyi ne kamar gero da ake ce wa DI, su suke tsince ragowar. Sai ka haɗa da ɗan ma'aunin TDS, wato mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, kamar biro yake, ba shi da tsada, kana tsoma shi ya nuna maka lamba. Idan ruwan gidanku ya nuna 300, bayan RO ya kamata ya sauko wajen 10 ko 15, bayan DI kuma 0, ba 3 ba ba 5 ba, sifiri. Da zarar ya fara nuna 1 ko 2 ka canza ƙwayoyin DI, akwai masu canza kala daga shuɗi zuwa ruwan ƙasa in sun gaji, amma ni na fi yarda da ma'aunin a kan kalar.

Akwai abu biyu da suka shafe mu mu da ruwanmu ke saukowa daga tankin sama. Fatar RO na son ƙarfin ruwa kamar psi 50 zuwa 60 (psi ma'aunin ƙarfin matsin ruwa ne), shi kuwa tankin da ke bisa mita 10 abin da zai ba ka bai wuce psi 14 da ɗan wani abu ba, don haka in ba ka sa ƙaramin injin ƙara ƙarfi ba ruwan zai riƙa ɗigowa ne kamar hawaye kuma tacewar ba za ta yi kyau ba, sai DI ya riƙa ƙarewa da wuri kana ta kashe kuɗi. Na biyu zafi, baƙin tankin roba a watan Afrilu ruwansa kamar an dafa, ruwan zafi kuma ya fi ratsa fatar da datti, to ka riƙa tacewa da asuba ko da dare. Kuma ka sani duk lita 1 mai kyau injin zai zubar da kamar lita 3 zuwa 4, kar ka bar shi ya bi kwata, tara shi a duro a yi wanki ko ban ruwan shuka da shi.

Wanda tankinsa ƙarami ne kamar lita 40 zai iya sayen ruwan da aka turara, irin na ɗakin gwaje-gwaje, amma a auna da TDS tukuna, kuma a yi hattara da abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir a tasha don wani da asid a ciki. Ruwan teku na ainihi kuwa yana yi, in kana kusa da teku mai tsabta kuma za ka iya shiga jirgi ka ɗebo nesa da gaɓa. 'Yan'uwanmu da ke Port Sudan ga Bahar Maliya nan a gabansu da murjaninta, sai dai gishirinta ya kai wajen 40 a cikin 1000, ya fi na yawancin tekuna da ke wajen 35, dole a ɗan sirka da ruwan RO/DI. Ruwan lagun na Legas kam a'a, gauraye yake da ruwan daɗi da dattin gari.

To sai gishiri. Don Allah kar wani ya ce maka gishirin miya zai yi, ko manda, ko na Bilma, ko wanda aka rubuta gishirin teku a kanti. Gishirin da ke cikin ruwan teku kusan kashi 85 ne kawai irin na miya, sauran magnesiyam ne da salfet da kalsiyam da fotasiyam da wasu ƙanana da yawa, kuma da kalsiyam da kabonet murjani ke gina ƙashinsa. Ko ruwan teku ka shanya ya bushe, in ka mayar masa da ruwa ba zai koma yadda yake ba don kalsiyam ɗin ya riga ya zama alli, ba ya narkewa. Saboda haka gishirin da aka haɗa musamman don tanki za ka nema.

Lambobi uku za ka duba a jikin bokitin. Kalsiyam 400 zuwa 450, magnesiyam 1250 zuwa 1350, duka a miligiram cikin lita, sai alkaliniti, wato yawan kabonet ɗin ruwan, da ake aunawa da dKH, na teku wajen 7 ne, a tanki kuma daga 7 zuwa 11 duk ana riƙewa. A wannan na ukun ne gishiri ya fi bambanta da gishiri. A cikin waɗanda ake sayarwa, gishirin Tropic Marin Pro-Reef yana kusa da na teku wajen 7, na kamfanin Red Sea mai shuɗin bokiti wajen 8, Coral Pro ɗinsu mai baƙin bokiti ya kai wajen 12, Instant Ocean wanda ya daɗe a kasuwa kuma ya fi araha shi ma yana sama da 10. Mutane na ganin mai lamba babba shi ne mai kyau, ba haka ba ne, in tankinka yana zaune a 8 ka zuba masa ruwa mai 12 da yawa lokaci ɗaya ka girgiza murjanin, masu tauri masu rassa su ne farkon nuna fushi, bakinsu ya ƙone ya yi fari. Ka zaɓi wanda lambarsa ta yi kusa da inda kake son tankinka ya zauna. Wanda kifi da murjani masu laushi kawai yake da su, mai arahar ya wadatar wallahi.

Ni a wajena abin da ma ya fi suna muhimmanci shi ne wanne za ka riƙa samu kullum, don kayan nan daga waje suke zuwa, yau akwai gobe babu, ga canjin dala. Yi lissafi, tanki mai lita 200 cikon farko zai ci wajen kilo 8, in kana canza kashi 10 na ruwan duk sati lita 20 ke nan, kamar giram 800, to bokiti mai kilo 22 in daga ciki ka yi cikon farko ragowar zai kai ka wajen wata huɗu. Ka sayi na gaba tun na hannunka bai kai rabi ba. In kuma dole ta sa ka canza iri, ka riƙa gauraya tsoho da sabo kaɗan-kaɗan cikin sati uku ko huɗu.

Wajen haɗawa, ruwa ake fara zubawa sannan gishiri a hankali, in ka zuba ruwa a kan tulin gishiri zai yi fari fat kamar koko kuma kalsiyam ɗin ya tafi ke nan. Nemi duro na roba wanda ba a taɓa zuba mai ko sabulu ko maganin feshi a ciki ba, sa ɗan famfo a ciki ya riƙa juya ruwan, auna gishirin da sikeli wajen giram 38 zuwa 40 duk lita, ka bar awo da kofi. Ruwan ya zama mai sanyi-sanyi, a inuwa, don masu alkaliniti da yawa a ruwan zafi suke yin alli. Yawanci ana barinsa ya juya na wasu awanni ko ya kwana, amma irin su Coral Pro an ce kar a wuce awa huɗu ana juyawa, don haka karanta jikin bokitinka. Yawan gishirin da kake nema shi ne 35 a cikin 1000, ko 1.026 a ɗaya ma'aunin, ka auna da rifaraktomita, wato ɗan na'urar auna gishirin ruwa da ake ɗiga wa ruwa a leƙa, kuma ka riƙa saita ta da ruwan saiti mai 35, ma'aunin gishiri mai allurar roba kuwa kumfa ɗaya in ta maƙale masa ya ba ka lambar ƙarya. Kafin ka zuba ka tabbata ɗumin sabon ruwan ya yi daidai da na tanki, tsakanin digiri 24 zuwa 27.

Ruwan da ya ƙafe daga tanki kuma da zallan RO/DI ake cikawa ba da mai gishiri ba, don ruwa ne ke tashi gishirin na nan, da hunturu iska ta bushe za ka ga layin ruwa na sauka kullum, ka yi alama da maka a jikin gilashi ka riƙa cikawa kowace rana kaɗan maimakon ka bari ya taru. Da damina kuma bokitin gishirin ne abin lura, yana shan laima ya dunƙule kamar dutse, in ya yi haka lambobinsa sun lalace, to ka ɗaure ledar ciki ka danne murfin sosai ka ɗora shi a kan katako, kuma duk sabon bokiti ka mirgina shi a ƙasa kafin ka buɗe don abubuwan ciki su gauraya, sannan ka auna dKH na haɗin farko kafin ya shiga tanki.