Kafin ki kai hannu jikin ɗaliba a ajin motsa jiki

Idan kina koyar da motsa jiki a ajin mata, ki sa a ranki cewa Bahaushiya ba ta cika ce wa malama a'a a gaban mutane ba. Ki tsaya a kanta ki ce, "Hajiya, in riƙe miki ƙugu?" za ta ce ba komai, ko da kuwa ranta bai so ba. Ga kara, ga idon jama'a, ga hannunki ya riga ya yi rabin hanya. Wadda abin ya sosa wa rai ba za ta yi miki faɗa ba. Sati mai zuwa ne za ki ga wurinta babu kowa, in kin kira ta ce miki yaro ne ba shi da lafiya. Don haka tambayar izini kaɗai ba ta isa ba a wajenmu, sai kin shirya ajin yadda ƙin yarda ba zai yi wa kowa nauyi ba. Ga yadda nake yi a nawa ajin na safe.

Maganar da na fi ji daga abokan sana'a ita ce, "Ai duk mata ne." Gaskiya duk mata ne, shi ya sa ma mazajensu da iyayensu suka bar su suka zo. Amma ko a karatun Islamiyya an koya mana cewa tsakanin mace da mace akwai al'aura, daga cibiya zuwa gwiwa, kuma nan ne daidai inda hannun malamar motsa jiki yake yawan zuwa. Ban da wannan, ba ki san abin da ke ƙarƙashin riga ba. Wata an yi mata aiki wajen haihuwa, ɗinkin yana yi mata tsami har yanzu. Wata tana da ƙaramin ciki da ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba. Wata mai sikila ce, wata tana fashin salla tana jin duk jikinta a takure, wata kuma an taɓa cin zarafinta, hannu daga baya kawai yana sa gabanta ya faɗi. Ba aikina ba ne in san wacce ce wacce, kuma ba na tambaya.

Ranar da mace ta zo yin rajista nake yin maganar, mu biyu, kafin ta sa kayan atisaye. Ina ce mata, "A nan ba na taɓa kowa sai wadda ta nema." Sai in ba ta kati. A azuzuwan yoga, wato atisayen miƙa jiki da sarrafa numfashi, na Amurka da Ingila ana amfani da irin wannan kati mai fuska biyu, ɗaya na cewa a gyara ni da hannu, ɗaya na cewa a bar ni. Ni da kwalin madara na yanka nawa, na shafa wa gefe ɗaya kore, ɗaya ja. Abin da na canza shi ne wanda ake farawa da shi: kowane kati yana kwance a kan ja a gaban tabarma, wadda take son in gyara ta da hannu ita za ta juya shi. In aka fara da kore, juya shi zuwa ja ya zama ce wa malama a'a ke nan, mun koma gidan jiya. Kuma kore na yau ba ya aiki gobe. Kullum da safe ja suke komawa.

Za ki yi mamakin yadda ba kya bukatar hannun ma a yawancin gyara. Ɗauki tsugunno, wanda kusan kowace sabuwar zuwa take yin sa a karkace, gwiwoyi na faɗawa ciki, dunduniya na tashi daga ƙasa. Ina ajiye mata kujerar roba a baya in ce, "Anti, zauna a hankali, da kin ji kin taɓa kujerar ki miƙe." Nan take kwankwaso ya koma baya, dunduniya ta zauna. In gwiwa ce ke shigewa, sai in durƙusa a gabanta in tsayar da tafina a gefen gwiwar, da ɗan rata, in ce ta turo gwiwarta ta same shi. Ita ce ta taɓa ni, ita ta san iya inda za ta tsaya, kuma naman da ya kamata ya yi aikin shi ya yi. Da ni na ja gwiwar da hannuna, ina saki za ta koma inda take.

Ga mai lanƙwasa baya wajen sunkuyawa ta ɗauki ƙarfe, sandar mofa ce maganinta. Ta riƙe ta da kanta a bayanta, hannu ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, sandar ta taɓa wuri uku: ƙeya, tsakanin kafaɗu, da tsatso. Ta sunkuya. Da ɗaya daga cikin ukun ya rabu da sandar, ta san baya ya goce, ba sai na ce komai ba. Haka in ina son ta ji ko naman cikinta ya ɗaure, hannunta za ta ɗora a mararta, ni in nuna a tawa. Bango da madubi su ma suna rage mini aiki sosai.

To, idan kati kore ne kuma baki da nuni sun gaza fa? Ki zo ta gaba ko ta gefe inda take ganinki. Ki faɗi wurin da dalilin: "Mama, zan ɗora hannu a kafaɗarki ta dama, ki sauke ta." Ki dakata ta amsa. Ki taɓa da buɗaɗɗen tafi, a kan ƙashi: kafaɗa, gwiwar hannu, saman baya, idon sawu. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa, ki janye, ki koma magana. In kin ji jikinta ya sandare ko ta ɗauke numfashi, ki ɗauke hannunki ko da bakinta bai ce komai ba. Ƙirji, mazaunai, cikin cinya, mara, wuya da fuska babu su a lissafi, ko katin wane launi ne. Na haɗa da ɗankwali. In ya zame, faɗa mata zan yi, ba zan gyara wa sa'ar mahaifiyata ɗauri ba.

Abin da na hana gaba ɗaya shi ne danna mutum wajen miƙa jiki. Kin san yadda ake yi: ɗaliba na zaune ta miƙe ƙafafu tana neman kamo yatsunta, malama ta zo ta baya ta danna ta da hannu biyu, wani lokaci har da gwiwa, tana cewa "saura kaɗan." Zafin da ke gaya wa mutum ya tsaya a jikin ɗalibar yake, ke ba kya jin sa, kuma kafin kunya ta bar ta ta yi magana naman bayan cinya ya yage ko baya ya riƙe. Mai ciki da mai jego sun fi shiga haɗari, don ciki yana sassauta jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi, kuma ba ranar suna suke komawa daidai ba. Masu jego suna yawan zuwa da an yi arba'in, an gama wanka, suna neman a mayar musu da ciki. Wasunsu naman cikin ya rabu a tsakiya, in sun ɗago kai daga kwance sai ka ga tudu ya taso a layin cibiya. Ana duba ratar da yatsu, amma yatsunta ne za su duba ko na likitan gashin ƙashi, ba nawa ba. Wadda aka yi wa aiki kuwa, sai likitanta ya ce ta fara.

Atisayen da ake cewa "kowa ta kama 'yar'uwarta" ki yi hattara da shi. Aji ɗaya yana iya haɗa kishiyoyi, ko uwar miji da matar ɗanta, ko maƙwabtan da ba sa ga-maciji. Duk lokacin da zan sa irinsa, ina fara nuna yadda ake yin sa da bango, in ce wadda take so ta nemi abokiya. Awon ƙugu ma haka: ita ke zagaya tef ɗin a jikinta, ni in karanta lamba, kuma ba na faɗar ta da ƙarfi. Waya a jaka take zama. Mace ta cire hijabi ne don ta amince da ɗakin, bidiyon daƙiƙa goma da aka ɗora a TikTok don tallar aji yana iya jawo mata fitina a gidanta, ko da a can baya kawai ta fito.

Inda koci namiji ne, kamar atisayen da ake yi a fili da safiyar Asabar maza da mata, ra'ayina ba shi da tsawo: ya yi gyara da baki da nuni, in ana bukatar hannu ya kira mace.

Yara kuwa katin ba ya aiki a kansu, don yaro ba ya iya auna abin da babba ya ce masa daidai ne. Larry Nassar tsohon likitan tawagar 'yan wasan jimnastik (wasan tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki) ta Amurka ne, ya yi shekaru yana lalata da 'yan mata da sunan yi musu magani, wasu ma iyayensu na zaune a ɗakin, yana tare wa iyayen gani da jikinsa. A Janairun 2018 wata kotu a jihar Michigan ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata fiye da 150 sun tsaya sun faɗi abin da ya yi musu. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka rufa masa asiri shi ne da yawa ba su san wane taɓi ne na aiki, wane ne ba na aiki ba. Don haka a ajin yara na hutu, iyaye suna jin ƙa'idar taɓi tun farko, ƙofa a buɗe take, kuma ina bin dokar da masu horar da 'yan wasa a Kanada suke bi, cewa babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro, sai da wani babban a wurin.

Ke kuma ɗaliba da kika faɗa ajin da babu kati, ba sai kin yi dogon bayani ba. "Malama, nuna mini kawai, zan gwada" ta wadatar. In da nauyi a gaban mutane, ki tare ta kafin a fara. Malamar da ta ɗaure fuska kan wannan, kuɗinki ne, ki nemi wani ajin.

Wuri ɗaya ne ba na jiran izini. In ƙarfe zai faɗo wa mutum ko jiri ya kwashe ta, kamar yadda ake samu a zafin Afrilu ga wadda ta fito ba ta karya ba, tare ta zan yi. In ta faɗi ba ta amsawa kuma ba ta numfashi yadda ya kamata, wata ta kira lambar gaggawa ta 112 ko ta nemo mota, ni in durƙusa in ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinta in riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo. Wannan ma ina faɗa wa kowa ranar rajista, kuma ina karɓar lambar wanda za a kira daga gida.