Kurakuran da ake yi wajen zaɓen malaman kwamitin binciken ɗalibai

A taron majalisar tsangaya, zaɓen kwamitin da ke tallafa wa binciken ɗaliban digiri na farko yakan zo ne a ƙarshe, La'asar ta kawo jiki, kowa na duban agogo. Wani ya ce "Farfesa wane," wani ya ce "na mara baya," a tashi. Daga nan ɓarna take farawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin girma. Farfesan nan yana cikin majalisar dattawan jami'a, yana duba kundin masu digiri na uku, ga gayyatar wasu jami'o'i. Ba mugunta ba ce, lokaci ne babu. Na ga takardar neman tallafi ta wata 'yar aji huɗu ta yi wata biyu a kan tebur, har kofin shayi ya bar mata zobe, damina kuma ta wuce da ganyen da take son gwadawa. Kafin a kaɗa ƙuri'a, kowane ɗan takara ya faɗi ɗalibai nawa ya duba bara, da ranakun da ake samunsa a ofis. A tambaye shi ko yana shirin tafiya ƙarin karatu ko hutun shekara.

Sai zaɓen ɗaga hannu. Wane ƙaramin malami ne zai kayar da wanda zai sa hannu a takardar ƙarin girmansa, ido na ganin ido? A yanka takardu, a kawo kwali.

Wa'adi ma akan rubuta shi da kwanan wata. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kwamitin da aka ba shekara guda kusan bai ga ɗalibi ba. A ƙirga da zangon karatu, kuma rabin mambobi su sauka, rabi su zauna, don kada sababbi su faro daga tushe.

Kada sashe ɗaya ya cinye kujeru. A sa malama ko da ɗaya, don akwai ɗalibar da ba za ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar malami namiji ba.

A nemi kuma wanda ya taɓa samun tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Kuɗin nan malamai ake ba, ba ɗalibai ba, sai wanda ya san hanya ne zai iya jawo ɗalibi cikin aikin. In aka zo kan takardar ɗalibin wani mamba kuwa, mamban ya fita waje har a gama.